Shin hoton tauraron ɗan'adam zai iya raba mana gardamar ruwa a noman rani?

Manomin_Kangimi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin cikinmu. Ƙanena da ke karatun aikin gona a Samaru ya zo hutu, ya tarar muna ta cacar baki da mutanen da ke ƙasa da mu a bakin rafi kan rabon ruwa. Sai ya ce wai yanzu da hoton tauraron ɗan'adam ana iya sanin yawan ruwan da kowace gona ta sha ba tare da an taka ta ba. Na yarda ana ganin gona a taswirar waya, don har mangwaron da ke kan iyakata ina gani. Amma ruwan da ya shige ƙasa ya bi saiwa fa? In gaskiya ne, me ya hana a yi amfani da shi a raba mu? Duk shekara da zarar Fabrairu ta kama, rafi ya fara ja baya, sai an kai ruwa rana kafin kowa ya samu.

Baban_Zainab: Wa alaikumus salam. Ni dai ban gamsu ba. Tun ana ban ruwa da jigo muke wannan sana'a. Ka tona ƙasa tsawon yatsa, ka damƙo ta. In ta dunƙulu akwai sauran lema, in ta wargaje a tafin hannunka to ka tayar da inji. Wanda ke can sama ta ina zai damƙi ƙasata?

Injiniya_Barnawa: Baba, Allah ya ƙara girma. Hanyarka daidai ce, kuma babu abin da zai kore ta. Malam Manomin Kangimi, ƙanenka ma ya faɗi gaskiya, sai dai maganar na buƙatar gyara. Tauraron ba ya ganin ruwan da injinka ya zuba, ba ya kuma ganin na ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake ƙiyastawa shi ne ruwan da ya bar gona ya tashi sama, wato wanda rana ta busar daga fuskar ƙasa da wanda shuka ta zuƙa ta saiwa ta fitar ta ƙananan ƙofofin ganyenta. Kusan duk abin da shuka ta sha ta nan yake fita, ɗan kaɗan ne ke zama a jikinta.

Yadda ake gane shi kuwa, ku tuna randar ƙasa. Ruwanta na yin sanyi ne saboda wanda ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Haka gonar da ta ƙoshi take, ganyenta ya fi sanyi. Wadda ƙishi ya kama sai ta rufe ƙofofin ganye don ta adana abin da ya rage, nan take ta fara ɗaukar zafi. Taurarin Amurka guda biyu, Landsat 8 da aka harba a 2013 da Landsat 9 na 2021, suna ɗauke da na'urar auna zafin doron ƙasa. Daga nan sai lissafi: ƙarfin hasken rana da ya sauka a gonar kaza ne, kaza ya shige ƙasa ya ɗumama ta, kaza ya ɗumama iskar da ke sama da ita. Abin da ya saura shi ne ya tafi wajen mayar da ruwa tururi. Da yake an san ƙarfin da lita ɗaya ke ci kafin ta zama tururi, sai a juya ragowar zuwa yawan ruwa.

Wannan dabara ta daɗe. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Wim Bastiaanssen, ya fitar da tsarin da ake kira SEBAL a 1998, daga baya Richard Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Idaho ta Amurka suka gina wani tsarin mai suna METRIC a kansa. Hukumar ruwa ta jihar Idaho tana amfani da shi wajen lissafin ruwan da gonaki suka sha.

Ummu_Sadiq: Masha Allah, Injiniya. To da me ake auna shi, da lita ko da duro?

Injiniya_Barnawa: Da milimita, Hajiya, kamar yadda ake auna ruwan sama. Milimita 1 a kan hekta 1 daidai yake da lita 10,000. Kenan in aka ce gonarki ta sha milimita 6 a yini, hekta guda ta saki lita 60,000 a sama. Bisa ƙiyasin FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, masara na buƙatar tsakanin milimita 500 zuwa 800 daga shuka zuwa girbi, alkama 450 zuwa 650, albasa 350 zuwa 550, rake kuwa 1,500 zuwa 2,500 saboda daɗewarsa a gona.

Dan_Makarfi: To ga shi nan an zo kanmu. Duk inda aka yi maganar ruwa sai a ce masu rake ne suka shanye. A tuna dai rakenmu yana cin damina guda cur, ba duka daga rafi muke ɗiba ba.

Injiniya_Barnawa: Gaskiya ne, kuma ka taɓo wani muhimmin abu. Tauraron ba ya bambance ruwan sama da na inji. Sai an cire abin da aka samu daga sama kafin a san na ban ruwa. Shi ya sa a nan Kaduna aikin ya fi sauƙi daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da kusan babu ruwan sama. Duk koren da ka gani a hoto a watan Janairu, ko dai ana ba shi ruwa ko saiwarsa ta kai ga lemar fadama.

Ummu_Sadiq: Ni ga matsalata. Lambuna a wajen Hunƙuyi bai kai rubu'in hekta ba. Fangali goma na tumatir, gefe albasa, can kusurwa attaruhu, ga kuma latas da yara ke kaiwa kasuwa. Bayan shingena raken maƙwabci ne. Wanne zai auna a ciki?

Dalibin_Samaru: Umma, a nan gizo ke saƙar. Hoton tauraro ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo yana wakiltar wani fili. A Landsat ɗigo ɗaya mita 30 ne tsawo da faɗi, kenan hekta guda ba ta wuce ɗigo 11 ba. Lambunki gaba ɗaya ɗigo biyu ne ko uku, kuma rabinsu sun haɗo da raken maƙwabci. Akwai Sentinel-2 na Tarayyar Turai, an harba na farko a 2015, na biyu a 2017. Shi ɗigonsa mita 10 ne, hekta ɗaya ɗigo 100, kuma yana dawowa kan wuri ɗaya duk bayan kwana 5.

Malam_Taswira: Ɗalibi, ka bar wani abu. Mita 30 ɗin nan na launuka ne. Na'urar zafi ta Landsat a kan mita 100 take aunawa, wato hekta guda cif, sannan a daidaita hoton zuwa mita 30. Sentinel-2 kuma ba shi da na'urar zafi sam. Abin da ake yi da shi daban ne: ana duba yadda ganye ke haɗiye jan haske yana mayar da wani hasken da idonmu ba ya gani, a fitar da ma'aunin kore da ake kira NDVI. Daga shi a ƙiyasta girman shukar, a ninka da abin da yanayin ranar ke buƙata bisa zafi da iska da danshi da hasken rana. Raunin wannan hanya shi ne tumatir zai iya fara jin ƙishi yau, ganyensa na nan kore shar har kwanaki. Na'urar zafi ce ke saurin kama shi, ita kuma idonta bai kai ga ƙaramin fangali ba.

Baban_Zainab: Kun ji ko. Maganata ta fito.

Malam_Taswira: A lambun Hajiya Ummu Sadiq maganarka ce a sama, Baba. Amma a tambayi wani: hekta nawa ake nomawa da rani daga bakin dam ɗin Kangimi zuwa inda rafin ya haɗu da kogin Kaduna? Ko a bakin Galma daga Soba zuwa Dakace? Hannu ba zai ba da wannan amsa ba. Mutum zai ƙare wata guda a kan babur bai gama ƙirgawa ba, hoto ɗaya kuwa ya ɗauke duka a safiya ɗaya. Kuma tun 2008 aka mayar da hotunan Landsat kyauta, har tsofaffi, don shirin ya faro ne tun 1972. Za ka iya jera hoton Fabrairun bana da na shekara goma baya, ka ga yadda kore ya faɗaɗa a bakin ruwa.

Sarkin_Yakin_Albasa: Ni tsorona ɗaya ne. Yau an ce za a auna don a taimake mu, gobe a turo takarda a ce gonarka ta sha ruwa kaza, biya kaza. Wanda bai taɓa zuwa ya tambaye ka yadda ka samu kuɗin taki ba shi ne zai fara zuwa karɓar kuɗin ruwa. An taɓa zuwa garinmu aka rubuta sunayenmu da girman gonaki, aka ce tallafi na tafe. Har yau shiru.

Dan_Makarfi: Wallahi ka faɗi abin da ke raina.

Malamar_Gona: Tsoronku yana kan hanya, ba zan ce muku a'a ba. Amma ku duba ɗaya gefen. A halin yanzu idan ruwa ya yi ƙaranci, wa ke cin nasara? Mai babban inji da ke sama, da mai bakin magana a gaban mai gari. Bazawarar da lambunta ke can ƙarshen layi ba ta da wata hujja sai hawayenta. Na sha tsayawa a irin waɗannan gonaki a watan Maris: tumatir ya yi huda, furen na zubewa, 'ya'yan da suka ɗaura kuma gindinsu ya yi baƙi saboda ruwan da ke zuwa yau ya ɗauke kwana biyar. Idan akwai taswira da ke nuna gonakin sama sun yi sanyi, na ƙasa sun ɗau zafi mako bayan mako, to ta samu mai ba da shaida. Sharaɗin dai shi ne taswirar ta zo hannun ƙungiyar manoma su ma, kada ta tsaya a ofis.

Abu_Hanifa_Rigachikun: Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Ni ba ruwan ne ya fi damuna ba, fetur ne. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya zama shi ne babban abin da ke cin noman rani. In wannan abu zai gaya min awa nawa zan kunna inji, ko bai raba gardama ba ya yi min rana.

Injiniya_Barnawa: Abu Hanifa, rabin amsarka ba ta buƙatar tauraro. Samu duro mai cin lita 200, ka saka tiyon injinka a ciki, ka duba agogon waya. A ce ya cika a daƙiƙa 20. Kenan lita 10 a daƙiƙa, lita 36,000 a awa. A ce kuma gonarka rubu'in hekta ce, shuka na shan milimita 6 a yini, kana ban ruwa duk kwana 4. Abin da ta sha a tsakanin lita 60,000 ne, aikin awa ɗaya da minti 40. Ka ƙara wani abu don wanda ke zurarewa a magudana. In ka ga kana kunna inji awa huɗu, to fiye da rabi wucewa yake yi. Misali na bayar, kowa ya saka nasa alƙaluman. Inda tauraro ke shigowa shi ne wannan milimita 6 ɗin, don ba a tsaye take ba: ta bambanta tsakanin dashe da lokacin huda, tsakanin sanyin Disamba da zafin Maris.

Abu_Hanifa_Rigachikun: Allah ya saka da alheri. Wannan zan gwada shi.

Hasken_Rana_Kawo: Mafita dai ita ce injin sola. Ba mai, ba hayaƙi.

Malamar_Gona: Sola ta sauƙaƙa wa aljihu, amma na lura da wani abu. Mai injin fetur yana kashewa da zarar fangali ya cika saboda yana jin zafin kuɗinsa. Mai sola sau da yawa yana bari ya yi ta zuba daga hantsi har la'asar. Ruwan ya wanke taki ya kai shi ƙasa da saiwa, rijiyar maƙwabci kuma ta yi ƙasa. Duk inda sola ta yawaita, buƙatar aunawa ƙaruwa take yi.

Malam_Taswira: Akwai abin da nake so a fahimta game da lissafin Injiniya, don ya shafi tambayar farko kai tsaye. Ruwan da ya wuce saiwa ba duka ne ya ɓace ba. A fadama yakan koma ƙarƙashin ƙasa, wani ya sake fitowa a rafi, wani ya shiga rijiyar wanda ke ƙasa. Asarar mai ce da taki ga wanda ya zuba, amma rafin bai rasa shi gaba ɗaya ba. Wanda rafi ya rasa har abada shi ne wanda ya tashi sama, kuma shi ɗin ne tauraro ke ƙiyastawa. Don haka in mutanen sama suka rage ɓarna, sannan suka yi amfani da rarar suka ƙara hekta biyar, na ƙasa sai sun fi shan wahala fiye da da. Wanda ke kallon inji kawai ba zai ga wannan ba.

Manomin_Kangimi: Malam Taswira, wannan magana ta taɓa ni, domin mu ne na saman. A shekarun nan kusan kowa a layinmu ya ƙara fili, wasu sun shiga shinkafar rani. Mu a ganinmu ba mu ƙara injuna ba, don haka ba mu ƙara ɗiba ba. Su kuma suna rantsuwa ruwan da ke isa gare su ya ragu.

Dalibin_Samaru: Yaya, a shinkafa ma sai an yi hattara. Abin da take fitarwa sama bai yi nisa da na masara sosai ba, amma ana zuba mata fiye da haka nesa ba kusa ba, saboda cika fangali da kuma wanda ke tsiyayewa ƙasa, musamman a jigawa. Hoton zai nuna kaɗan, injin kuma ya ɗebi mai yawa. Dole a haɗa biyun.

Dan_Najeriya_Na_Gari: Me ya sa kullum sai na Amurka da Turai? Ina namu taurarin?

Malam_Taswira: Muna da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tun 1999. Ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Na ɗaukar hoton launi ne, ba su da na'urar zafi irin ta Landsat. Ni a ganina hoto ba shi ne abin da muka rasa ba, tunda ana samunsa kyauta. FAO ma ta buɗe shafin WaPOR a 2017 da tallafin gwamnatin Holan, an riga an yi lissafin, yana ba da ƙiyasin ruwan da tsirrai suka sha a faɗin Afirka duk bayan kwana 10. Ɗigonsa dai manya ne, mita 100 ko fiye a yawancin wurare. Abin da ya fi ƙaranci shi ne awo a ƙasa da za a gwada ƙiyasin da shi: tashoshin yanayi kusa da gonaki, ma'aunin ruwa a magudana, da wanda zai riƙa rubutawa kullum. Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa nan a Mando, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta wayar da kan manoma ta NAERLS a Samaru, ga hukumar hasashen yanayi ta NiMet. Masana muna da su a jihar nan.

Baban_Zainab: To in hadari ya rufe sama fa? Ko hazo?

Injiniya_Barnawa: Tambaya mai kyau, Baba. Gajimare yana makantar da su duka biyun. Kowane Landsat sai bayan kwana 16 yake dawowa, in aka haɗa biyun kwana 8. In ranar ta faɗo da hadari, an rasa ta. A Yuli da Agusta ana iya shafe makonni babu hoto mai kyau. Hazon hunturu ba ya rufewa ɗungurungum, amma ƙurar na dusashe hasken, sai an yi gyara a lissafi, kuma gyaran ba ya cika daidai a ranar da ta yi kauri. Ƙari a kan haka, tauraron yana wucewa ne sau ɗaya da hantsi. Daga wannan ɗan lokaci ake ƙiyasta yini guda, a cike kwanakin tsakani da bayanan yanayi. Shi ya sa ƙiyasin wata guda ko na kakar noma ya fi na rana ɗaya inganci.

Ummu_Sadiq: Kenan ba zai ce min gobe ki ba tumatir ruwa ba.

Injiniya_Barnawa: A ƙaramin lambu irin naki, a'a. Zai iya gaya wa yankinku cewa a makon nan buƙata ta hau.

Jikan_Ardo: Kuna ta magana kamar manoma ne kaɗai ke shan rafin nan. Shanu ma da rani nan suke sauka, kuma duk shekara lambu na ƙara cinye mashaya. In za a zana taswira a saka burtali da mashaya a ciki.

Malamar_Gona: Haka ne, ɗan'uwa. Ga kuma birni. Ruwan Kangimi ana sakinsa ne ya tallafa wa kogin Kaduna da rani saboda famfunan gari, kamar yadda na dam ɗin Gurara ake tura shi Abuja. Mai buɗe ƙofar dam yana da baki da yawa da zai shayar, in bai san nawa gonaki ke ɗauka a hanya ba, da ka kawai zai yi rabon.

Sarkin_Yakin_Albasa: Ni har yanzu ina kan bakana. Sai na ga wa zai riƙe takardar.

Manomin_Kangimi: Na gode ƙwarai, jama'a. Injiniya da Malam Taswira, in na turo muku wurin ta waya, za a iya fitar mana da hoton layinmu da na mutanen ƙasa, na watan Fabrairu, na bana da na wasu shekaru baya? Ina so in kai wa mai unguwa a zauna da kowa a duba tare.

Malam_Taswira: Turo. Amma ka tsaya a kusurwa huɗu na filin gaba ɗaya ka turo kowacce, ba tsakiyar gonarka kaɗai ba. Sannan ka tambayi dattawan ɓangarorin biyu abin da aka shuka a kowace shekara, domin hoton zai nuna min kore, ba zai ce min albasa ce ko alkama ba. Kuma kafin a zauna, a samu mutum ɗaya daga cikin na ƙasa ya raka ka wajen ɗaukar kusurwoyin, don kada a ce na sama ne suka shata iyakar da kansu.

Dan_Makarfi: In an gama nasu a duba mana namu na wajen Kudan. Amma a cire damina tukuna.